Kafin ka biya kuɗin masauki a daji: amsoshin tambayoyinku

Wasiƙun wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi: masu shirin zuwa kallon namun daji a Kenya, Tanzaniya, Ruwanda da kudancin Afirka, kowa yana son sanin inda zai sauka. Na zaɓi shida. Ta biyun za ta ci fili da yawa, domin ta taɓo abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Tambaya: Malam, maigidana ya kama mana masauki a gandun dajin Maasai Mara na Kenya. Sai da ya nuna mini hotuna na gane ashe tanti ne, kuma ko shinge babu. Tun ranar nake kwana da fargaba. In ce ya canja? (Wata uwargida)

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Duk wanda zai fara kwana a daji sai ya ji wannan tsoron. Tantin nan ɗaki ne sosai na tamfol mai kauri, da gado da banɗaki a ciki, sau da yawa a kan dandamalin katako. Rashin shingen kuwa da gangan ne, domin shinge yana datse hanyar da giwa da dorina suka saba bi zuwa ruwa. Abin da zai tsare ki shi ne masu gadi da bin ƙa'ida. Da duhu ya shiga ba mai fita shi kaɗai. Mai gadi zai zo da tocila ya raka ku wurin cin abinci ya maido ku. Ki ja zif har ƙasa, kada ki ajiye abinci a ciki, kuma ki san inda aka ajiye usur ko oba-obar kiran masu gadi. In cikin dare kika ji ana figar ciyawa daf da tanti, yawanci dorina ce ta fito kiwo, ki yi kwanciyarki.

Sauro ne na fi so ki ji tsoro. Ku ga likita makonni kafin tafiya ya rubuta muku maganin rigakafin zazzaɓi, ku duba katin allurar shawara, kuma ki bar baƙaƙen kaya da shuɗi mai duhu a gida, don su tsando yake bi. Kada ki ce ya canja. Allah ya kai ku lafiya.

Tambaya: Malam, na sami masaukai biyu, kowanne ya rubuta cewa mai kare muhalli ne. Ɗaya ya ninka ɗayan kuɗi. Mai tsadar ne na gaskiya? (Wani magidanci)

Malam, tsada ba shaida ba ce, araha ma haka. Kalmar kare muhalli ba ta da mai ita. Duk wanda ya ga dama yana iya rubuta ta a allon ƙofarsa, ya zana koren ganye a gefe, ya ƙara kuɗi. Wannan dabara ta tsufa. Tun 1986 wani mai fafutukar muhalli ɗan Amurka, Jay Westerveld, ya yi rubutu a kan otal-otal masu ajiye kati suna roƙon baƙo ya maimaita tawul don a ceci duniya, alhali kuɗin wanki suke ragewa kansu, sauran ɓarnarsu kuma tana nan yadda take.

Na taɓa sauka a wani sansani da ba zan kira sunansa ba. Rufin ciyawa, fitilun aci-balbal a gefen hanya, takarda a kan gado tana ba da labarin yadda suke ƙaunar daji. Da asuba na biyo ta bayan kicin. Janareta yana ta ruri a cikin wata rumfa, ƙasar wurin ta yi baƙi da dizal. Gaba kaɗan rami ne cike da robobin ruwa, ana ƙona su, hayaƙin yana bin iska. Wani bututu kuma yana tsiyayar da ruwan wanke-wanke mai kumfa cikin ƙoramar da na ga jakunan dawa suna sha jiya da yamma. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tun ranar na daina sayen masauki da hoto.

Abin da za ka fara tambaya shi ne: ƙasar wa ce, kuma wa ake biya? Duk sauran magana bayan wannan take. Ka ɗauki makiyayin da zaki ya kashe masa saniya. In bai taɓa ganin ko sisi daga masu zuwa kallon zakin ba, abin da wasu ke yi shi ne su barbaɗa guba a mushen, zakin ya ci ya mutu, kura ta ci ta mutu, ungulaye su sauka su mutu rututu. In kuwa duk wata kuɗin hayar filinsa suna shiga hannunsa saboda akwai zaki a wurin, shi zai zama mai gadinsa. Haka ake yi a filayen da ke kewaye da gandun Mara, irin su Mara North, Olare Motorogi da Naboisho: filayen 'yan ƙabilar Maasai ne, sansanonin baƙi suna biyan masu su haya. A yankin Laikipia na Kenya akwai masaukin Il Ngwesi, wanda aka buɗe a 1996, mutanen wurin ne suka mallake shi kuma su ke tafiyar da shi. A Namibiya, dokar 1996 ta ba mutanen karkara ikon cin moriyar namun dajin ƙasarsu, yau akwai irin waɗannan yankuna fiye da 80. Ruwanda kuma tana ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandayenta ga ƙauyukan da ke maƙwabtaka da su. Masaukin da ke cikin irin wannan tsari ba ya inda-inda in ka tambaye shi; zai faɗa maka sunan yankin da abin da yake biya a kan kowane baƙo. Wanda ya ce maka kawai suna taimakon al'umma, ya nuna maka hoton yara suna rawa, ka sake tambayarsa. In ya sake kewaye-kewaye, ka riƙe kuɗinka.

Sannan ka tambayi yawan gadaje da yawan motoci. Mutane ba sa ɗaukar wannan a matsayin maganar muhalli, alhali ita ce a gaba. A cikin babban gandun Mara, lokacin cunkoso, sai ka ga motoci sun yi wa dabba ɗaya zobe, direbobi suna kiran juna a oba-oba, kowa yana kutsawa. Wani bincike da aka buga a 2018 ya nuna cewa cita, damisar nan mai gudun tsiya, ba ta iya raya 'ya'ya da yawa a inda masu yawon buɗe ido suka cika, in aka kwatanta da inda suke kaɗan. Filayen hayar da na ambata suna ƙayyade gadaje da motocin da za su tsaya a kan dabba ɗaya. Botswana ma a kan wannan ta gina harkarta a Okavango: baƙi kaɗan, kuɗi da yawa. To nan ne tsada take da dalili. Amma otal mai ɗaki ɗari a bakin kogi, ko da sola ya lulluɓe rufinsa, ya riga ya cinye wurin.

Sai ruwa da shara da wuta. Ka rubuta musu ka ce: ina ruwanku yake fitowa, ina ruwan banɗaki yake zuwa, ina kuke kai shara, awa nawa janareta ke aiki a rana? Ka ƙara da ma'aikata: nawa ne 'yan yankin, kuma akwai manaja ko ɗan jagora a cikinsu, ko duk masu shara da wanki ne? Ana biyansu a watannin da babu baƙi? Mai gaskiya zai ji daɗin tambayar, ya amsa da lambobi.

Game da takardun shaida, akwai na ƙwarai. Ecotourism Kenya tana ba masaukai matakin tagulla, azurfa ko zinariya bayan ta je ta duba. Akwai Fair Trade Tourism da ta samo asali a Afirka ta Kudu. Hukumar GSTC kuwa, mai tsara wa duniya ƙa'idojin yawon buɗe ido mai kare muhalli, ba ta ba otal shaida da kanta, masu ba da shaidar take tantancewa, don haka wanda ya ce maka ita ta ba shi kai tsaye, ka sa masa alamar tambaya. Kada ka tsaya ga tambarin da masauki ya manna a shafinsa. Tambari hoto ne, yaro ma zai iya kwafo shi. Ka shiga shafin masu ba da shaidar ka nemi sunan a jerinsu, ka duba ko ba ta ƙare ba. Ka kuma sani akwai ƙananan sansanoni na kirki da ba su da takarda saboda kuɗin tantancewa ya fi ƙarfinsu. Su amsarsu ce shaidarsu.

Ka aika wa masaukan nan biyu wasiƙa iri ɗaya, ka jira kwana uku.

Tambaya: Malam, wane masauki ne zai bar ni in ɗauki ɗan zaki a hannu a yi mini hoto? (Wani matashi)

Haba ƙanina! Ba zan nuna maka ko ɗaya ba. Zakanya ba ta ba da ɗanta aro. Duk ɗan zakin da ka gani a hannun baƙo, raba shi aka yi da uwarsa yana ɗan kwanaki don ta sake haihuwa da wuri. In ya girma ya fi ƙarfin hoto, ba a iya mayar da shi daji, da yawa ƙarshensu bindigar mai biyan kuɗi a cikin shinge ko kasuwar ƙashi. Gwamnatin Afirka ta Kudu da kanta ta sanar a 2021 cewa za ta kawo ƙarshen kiwon zaki a tsare. Wurin da ya kira kansa gidan marayun dabbobi amma kullum yana da sababbin jarirai na hoto, gonar kiwo ce. Hawan giwa ma kada ka aiko mini da tambayarsa.

Tambaya: Na biya kuɗi masu yawa a gandun Serengeti na Tanzaniya, sai na tarar babu na'urar sanyaya ɗaki, ruwan wanka kuma a bokiti ake ratayewa. An cuce ni? (Wata Hajiya)

Hajiya, in sun faɗa a takardarsu, ba a cuce ki ba. Sansanonin da ke bin ƙaurar dabbobi tashi suke yi su koma wani wuri, kuma kowane ɗigon ruwa da mota ake kawo shi. Bokitin nan da ake cikawa da ruwan ɗumi a rataye a bayan tanti yana isar mutum wanka, in ya jiƙa jiki ya rufe, ya sa sabulu, sannan ya sake buɗewa. Yawancin Serengeti tudu ne, dare da asuba sanyi ake yi, har bargo ake nema. Kuɗinki sun tafi ga ɗan jagora da mota da kuɗin gandu da kusancin dabbobi. In sun yi miki alkawarin na'urar a rubuce suka saɓa, wannan kam ki nemi haƙƙinki.

Tambaya: Wani a Instagram ya ce zai haɗa mini kwana uku a Ruwanda, da masauki da ganin goggon biri (gorila), duka dala 900, in tura rabi yau. (Wani ɗan kasuwa)

Kada ka tura ko sisi, Alhaji. Takardar izinin ganin goggon biri kaɗai dala 1,500 ce a Ruwanda ga baƙon ƙasashen waje a cikakken farashi tun 2017. Akwai rangwame ga wasu rukunoni, ciki har da 'yan Afirka, to ka sa ya rubuta maka wanne ne ya shafe ka, ka tabbatar da shi a wurin hukumar gwamnatin ƙasar mai suna Rwanda Development Board, domin ita ke ba da izinin. Mutum takwas ake kai wa iyalin biri ɗaya a rana, na awa ɗaya, kuma ba a kai wanda bai kai shekara 15 ba. Abin da yake ƙidayayye haka ba a yin gwanjonsa. Kalmar "yau" ita ta fi damuna. Ɗan damfara yana kwafe hotunan masauki na gaske ya buɗe shafi mai kama da nasu. Ka nemo lambar masaukin da kanka ka kira ka tambaya ko sun san shi. Kafin alƙalami kuma asusun kamfani ake biya, gara da kati, ba asusun mutum ɗaya ba, kuma sai ka ga sharaɗin maido kuɗi a rubuce.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce, shekara biyu ina tari. Ina tsoron irin wannan tafiya ta masu hali ce kawai. (Wata ƙanwarka)

Madalla da wannan tari, ƙanwata, kuma kada ki karaya. Ki guji Yuli zuwa Oktoba, lokacin da garken nyumbu, dabbobin dajin nan masu ƙaho da ke ƙaura dubu-dubu, ke tsallaka kogin Mara, don a nan komai ke tashi. Tun 2024 kuɗin shiga gandun Mara ga baƙon waje dala 200 ne a rana daga Yuli zuwa Disamba, dala 100 daga Janairu zuwa Yuni. A Afrilu da Mayu ana ruwa sosai, hanya tana caɓewa, wasu sansanoni suna rufewa, amma waɗanda suka rage suna sauke farashi. In Afirka ta Kudu ta fi miki sauƙi, gandun Kruger yana da masaukan SANParks, hukumar kula da gandayen ƙasar, da ake kamawa kai tsaye ba dillali. Kwana uku a wuri ɗaya ya fi miki kwana ɗaiɗai a wurare uku, don zirga-zirga ce ke cinye kuɗi. Ki ware na alheri ga ɗan jagora da ma'aikata tun daga gida. In za ki hau ƙaramin jirgi, jaka mai laushi za ki ɗauka, kilo 15 ne iyaka a yawancinsu a gabashin Afirka. Kada ki ƙunsa kaya a leda: Ruwanda ta hana ta tun 2008, Kenya a 2017, Tanzaniya a 2019. Ki aiko mini da watan da kika zaɓa, mu duba sauran tare.