Shagon kayan abincin gida a Houston: masu saye akwai, haya da ruwa ne abin tsoro

Tambaya: Ina zaune a Houston da takardun zama cikakku, na tara dala 60,000 daga aikin da nake yi. Ina so in buɗe shagon kayan abincin Afirka da naman halal a kudu maso yammacin birnin. Ana ce mini Texas babu haraji, kasuwa kuma a buɗe take. Shin yanayin gundumar Harris, inda Houston take, ya dace da irin wannan sana'a, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a abin da ka tara. Ta fuskar yawan jama'a da kuɗin da ke yawo, ba ka zaɓi wuri mara kyau ba. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum sama da miliyan 4.7 a gundumar Harris, ita ce ta uku a duk Amurka bayan Los Angeles da Cook, inda Chicago take. Arzikinta ya tsaya ne a kan man fetur da gas, matatun mai da masana'antun sinadarai da ke jere a bakin mashigin jiragen ruwa, tashar jiragen ruwan kanta, da kuma rukunin asibitocin Texas Medical Center. Wannan na ƙarshe ya fi shafarka, domin 'yan Afirka da yawa a Houston ma'aikatan jinya ne da masu kula da marasa lafiya a gida, albashinsu ba ya hawa da sauka da farashin ganga. Injiniyoyin mai kuwa, lokacin da farashi ya faɗi daga 2014 zuwa 2016, da yawansu sun rasa aiki, cefane ya ragu. Ka gina lissafinka a kan cinikin mai sayen garin kwaki da manja kowane mako, kada ka dogara da mai sayen rago guda lokacin biki.

Maganar "babu haraji" rabin gaskiya ce. Jihar Texas ba ta karɓar haraji a kan kuɗin shigar mutum, amma gwamnatin tarayya tana karɓa. Harajin jiha na kamfanoni ba zai taɓa ka ba sai cinikinka na shekara ya haura dala miliyan 2 da wani abu, sai dai dole ka riƙa aika rahoton shekara ko ba ka biya komai. Harajin saye a cikin Houston kashi 8.25 ne cikin 100. Ɗanyen kayan abinci kamar shinkafa, doya, wake da nama ba a ɗora musu shi, amma da zarar ka fara sayar da tsire ko dafaffen abinci, ko sabulu da man shafawa da lemon kwalba, sai ka karɓa ka miƙa wa ofishin Comptroller, mai karɓar harajin jihar. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya haɗa wannan kuɗi da jarinsa ya saro kaya da shi, ranar biya ta zo aljihu babu komai, tara ta hau. Ka buɗe masa asusu daban tun ranar farko.

Inda Texas take fanshe abin da ta yafe shi ne harajin kadara, kuma ta takardar haya zai iso gare ka. Yawancin shagunan da ke jere a titunan Bissonnet, Beechnut da Highway 6 ana ba da su ne da tsarin da ake kira NNN: ban da kuɗin haya, kai za ka biya kasonka na harajin ginin, inshorarsa, da gyaran filin ajiye motoci da fitilu. A ce shago mai faɗin murabba'in ƙafa 1,500, an ce maka dala 18 kowace ƙafa a shekara. Dala 2,250 ke nan a wata. Idan ƙarin ya kai dala 6 kowace ƙafa, an ɗora maka ƙarin dala 750 a wata, ka koma biyan 3,000. Wannan ƙari kuma ba tsayayye ba ne, duk shekarar da hukumar tantance kadara ta ɗaga darajar ginin ko inshora ta yi tsada, sai ya tashi. Ka nemi mai ginin ya nuna maka abin da 'yan haya suka biya a shekaru 3 da suka wuce, a rubuce. Ka duba wa ke da alhakin na'urar sanyaya shago idan ta mutu, domin a zafin Houston shago ba ya yiwuwa babu ita, kuma sabuwa tana cin dubban daloli. Sannan akwai lamunin kai: ko ka yi rajistar kamfani, mai gini zai so ka sa hannu cewa idan shago ya rufe, kai da dukiyarka za ku biya ragowar shekarun. Ka yi ciniki a taƙaita shi zuwa shekara 1 ko wata 6. Kuɗin lauyan da zai karanta maka takardar nan, a ganina, shi ne kuɗi mafi amfani da za ka kashe.

Rajista ba ta da wuya. Rajistar kamfanin LLC, wanda ke raba bashin kamfani da dukiyarka, dala 300 ce a ofishin sakataren jiha, lambar EIN, wato lambar harajin kamfani ta hukumar harajin tarayya, kyauta ce, izinin karɓar harajin saye ma kyauta. Lasisin sayar da abinci ya danganta da adireshi: cikin birni sashen lafiya na Houston ne, wajen iyakar birni kuma na gundumar. Abin da ke cinye lokaci shi ne wurin yanka nama, da wuraren wanke-wanke da magudanar ruwa da masu duba za su nema. Saboda haka shagon da a da ma na abinci ne ya fi sabon fili sauƙi, ko da hayarsa ta ɗan ɗara. Ka kuma nemi izinin karɓar katin tallafin abinci na SNAP, wanda a Texas ake kira Lone Star, domin a unguwar Alief da kewaye iyalai da dama da shi suke cefane.

Yanzu ruwa da wuta. Guguwar Harvey a watan Agustan 2017 ta zubar da ruwan da ya shiga gidaje da shaguna har a unguwannin da ba su taɓa ganin ambaliya ba. A Fabrairun 2021 sanyi ya durƙusar da lantarkin jihar kwanaki. A Yulin 2024 guguwar Beryl ta bar gidaje da shaguna sama da miliyan 2 cikin duhu, wasu fiye da mako. Mai firiza 4 cike da naman akuya da kaji, kwana 2 babu wuta sun isa su narkar da jarinsa. Inshorar shago ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai ka sayi ta ambaliya daban, kuma ta gwamnati sai ta kwana 30 kafin ta fara aiki, ba a sayenta ranar da aka ga hadari. Ka ce a saka maka sharaɗin biyan kayan da suka lalace saboda ɗaukewar wuta, ka karanta ko ya haɗa da matsalar da ta taso daga layin kamfanin lantarki. Kafin ka sa hannu a haya, duba adireshin a taswirar ambaliya ta FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, musamman idan yana kusa da rafin Brays, ka kuma tambayi maƙwabtan shagon ina ruwa ya tsaya a 2017. Janareta da zai ɗauki firizoji ya shiga kasafin farko. Damunar guguwa daga Yuni zuwa Nuwamba take, a watannin nan ka rage yawan naman da kake ajiyewa.

Game da kayan gida, kada ka fara da kwantena taka. Kilishi da duk wani nama daga Najeriya ba ya shiga Amurka, tarwada banda ma an rufe mata ƙofa tun 2018, manjan da aka samu rini a ciki kuwa ana tsare shi a tasha, kuɗin ajiya yana hawa kullum. Ka saro daga manyan dilolin da ke Houston na tsawon shekara guda, ribar kaɗan ce amma za ka gane abin da ke tafiya. Inda za ka bambanta da shagunan da suka riga ka, waɗanda yawanci abincin kudancin Najeriya suka fi kawowa, shi ne kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, zoɓo, gero da yaji, da naman da Musulmi zai saya hankali kwance. Wannan zai jawo maka 'yan Nijar, Senegal, Sudan da Somaliya.

Dala 60,000 za ta iya, amma da ƙyar. Ka ware hayar wata 6 da kuɗin wuta ka ajiye, ba za ka taɓa su don sayen kaya ba. Firiza da kanta ka sayi na hannu daga shagunan da suka rufe. Idan kana guje wa bashi mai ruwa, ka nemi abokin haɗin jari, ku rubuta kason kowa da yadda za a rabu. Cibiyar tallafa wa ƙananan 'yan kasuwa (SBDC) ta Jami'ar Houston tana duba tsarin kasuwanci kyauta, ka kai musu lissafinka kafin ka ga mai gini. Aikin da kake yi kuma kada ka ajiye shi sai shagon ya biya hayarsa da kansa wata 3 a jere.