Hawan Dutsen Fuji: Me Ya Sa Aka Kafa Ƙofa, Kuma Yaya Ake Shiri Yanzu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Japan, ni da abokaina muna son hawa Dutsen Fuji a hutun lokacin zafi. Wani da ya taɓa hawa ya ce su da yamma suka bar Tokyo, suka kwana suna hawa, suka ga fitowar rana a ƙololuwa, suka dawo gida washegari. Yanzu kuma na ji an sa ƙofa da kuɗin shiga. Gaskiya ne? Yaya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya ne, kuma irin hawan da mutumin nan ya yi shi ne ainihin abin da hukuma ta tashi hanawa. Japanawa suna kiransa da wani suna mai ma'anar "hawan harsashi", wato mutum ya taso daga birni ya doshi ƙololuwa cikin dare ba barci ba hutu.

Fuji dutse ne mai aman wuta, tsayinsa mita 3,776, kuma rabonsa da aman wuta tun 1707. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya. Lokacin hawansa gajere ne: hanyar Yoshida ta jihar Yamanashi tana buɗewa 1 ga Yuli, hanyoyi uku na jihar Shizuoka, wato Subashiri da Gotemba da Fujinomiya, har zuwa 2025 sukan buɗe wajen 10 ga Yuli, a rufe duka 10 ga Satumba. Cikin waɗannan makonni goma kacal, mutane kusan 221,000 suka hau a 2023, kusan kashi shida cikin goma ta Yoshida. Adadin bai kai na shekarun da ake haura 300,000 ba, amma fuskokin sun sauya. Bayan korona, da faɗuwar darajar yen, kuɗin Japan, baƙi daga ƙasashen waje sun cika Japan, da yawansu kuma suna ɗaukar Fuji kamar wurin shaƙatawa ne, su zo da silifa da gajeren wando. Sai aka riƙa samun cunkoso kusa da ƙololuwa gab da asuba, mutane na kwanciya a bakin hanya, wasu har suna hura wuta don sanyi.

A 2024 Yamanashi ta kafa ƙofa a tasha ta biyar ta hanyar Yoshida (an kasa hanyar zuwa tashoshi goma, a ta biyar mota ke sauke masu hawa), ta sa yen 2,000, ta kuma taƙaita masu shiga zuwa 4,000 a rana. A 2025 kuɗin ya koma yen 4,000 a dukkan hanyoyin huɗu, kuma daga ƙarfe 2 na rana zuwa 3 na dare ba a barin kowa ya wuce sai wanda ya kama wurin kwana a ɗakunan da ke kan dutsen. A ɓangaren Shizuoka sai ka yi rajista ka bi ɗan darasi kan ƙa'idojin dutsen tukuna. A Yoshida ma'aikata suna iya mayar da wanda bai sa kayan da suka dace ba. Ana sake duba ƙa'idojin nan kowace shekara, don haka ku leƙa shafin hukuma kafin ku biya.

Shawarata, wurin kwana za ku fara nema, domin shi ne mabuɗin komai, kuma na ƙarshen mako da na tsakiyar Agusta, lokacin hutun Obon, suna ƙarewa da wuri. Ku zaɓi ɗaki a tasha ta bakwai ko ta takwas. Ba otal ba ne, jere ake kwanciya kafaɗa da kafaɗa. Ku tambayi abin da ke cikin abincin tun wajen rajista, ko ku tafi da guzurinku.

Dalilin kwanan kuwa ba jin daɗi ba ne. Tokyo tana daidai da teku, mota kuma za ta sauke ku a tasha ta biyar, mita 2,300, cikin awa biyu da rabi. A ƙololuwa iskar da ake shaƙa kusan kashi biyu cikin uku ce ta wadda kuka saba. Jikin da bai samu lokacin sabawa ba sai ya amsa da ciwon kai da tashin zuciya da jiri, rashin barci kuma yana ƙara tsananta shi. Ku zauna awa ɗaya a tasha ta biyar kafin ku ɗaga ƙafa, ku yi tafiya a hankali, kuna kurɓar ruwa. Idan ciwon kai ya ƙi sauka bayan hutu, ko mutum ya fara amai ko tangaɗi, a sauko da shi. Ƴar gwangwanin iskar da ake sayarwa a hanya sauƙinta na ɗan lokaci ne.

Sanyi ma yana yaudarar mutane. Kowace mita 100 zafi na raguwa da kusan digiri 0.6, don haka ranar da Tokyo ke tafasa, ƙololuwa da asuba tana iya kusantar sifili, ga iska. Ku tanadi takalmin hawan dutse mai riƙe idon sawu, rigar ruwa da wandonta, rigar sanyi, safar hannu, fitilar goshi, ruwa lita ɗaya zuwa biyu, da tsabar yen 100 da yawa, saboda banɗaki yen 200 zuwa 300 ne. Babu kwandon shara, kowa da sharar sa yake saukowa.

Ta Yoshida hawan yakan ci awa biyar zuwa bakwai, sauka uku zuwa biyar. Fujinomiya ta fi gajarta amma ta fi miƙewa. Gotemba tana farawa daga mita 1,440, ba ta sabon shiga ba ce.

Ku kula da saukowa, a nan gwiwa take gajiya a kan tsakuwar da ke zamewa, a nan kuma ake ɓata. A tasha ta takwas hanyar Yoshida da ta Subashiri suke rabuwa. Alamun Yoshida rawaya ne, na Subashiri ja. Wanda ya bi ja da kuskure zai tsinci kansa a Shizuoka, nesa da motar da za ta mayar da shi.