Inji marar buroshi da ESC: amsoshi ga masu motar rimot

*Wani ɗan'uwa daga unguwar Nima a Akara ya rubuto: "Ina da motar rimot girman 1/10, mai jan ƙafa huɗu, da injin buroshi na 550 da ta zo da shi. Na ga inji marar buroshi 5200KV a intanet, an haɗa shi da ESC mai amfiya 35. Batirin 3S gare ni. In saya?"*

Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Buroshi shi ne ɗan gawayin da ke kai wuta cikin inji; a marar buroshi, ESC ne ke wannan aikin, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji daga batir. Lambar KV ba ƙarfi ba ce, yawan juyin da inji ke yi ne a minti ɗaya kan kowane bolt ɗaya idan ba a ɗora masa kaya ba. Batirin LiPo na 3S, wato mai ɗakuna uku a jere, bolt 11.1 ne, in ya cika 12.6. Lissafa 5200 sau 11.1, ka ga juyi ya haura dubu 57, alhali injuna da yawa masu wannan girman iyakarsu wajen dubu 50 ce. Duba takardar kamfanin ka gani. Inji mai KV sama yana jan wuta sosai, musamman a mota mai nauyi. ESC ɗin amfiya 35 kuwa na ƙananan motoci ne irin 1/16 da 1/18, waɗanda ba su kai taka girma ba. Ka sa shi a taka, ko dai ya riƙa yanke wuta don zafi, ko ka ji ƙaurin roba.

Daga nauyin mota ake fara zaɓe, sai batir, sannan inji. Ga mota irin taka, inji girman 3660 ya fi dacewa, wato kaurinsa milimita 36, tsawonsa 60. Ya fi 3650 ƙarfin ja, bai kuma cika saurin zafi ba. A kan 3S nemi tsakanin 3000KV da 3500KV. In a 2S za ka tsaya, wato bolt 7.4, kana iya zuwa 4000KV. Shahararren injin nan na Traxxas, Velineon, 3500KV ne, an kuma yi shi don 2S da 3S. ESC kada ya gaza amfiya 60, a mai jan ƙafa huɗu ma 80 ko sama ya fi kwanciyar hankali. Amfiyar da ake nufi ita ce wadda yake iya ɗauka a ɗore, ba babbar lambar nan ta 'yan daƙiƙu da 'yan kasuwa ke son bugawa a kwali ba. Kamfanoni irin Hobbywing da Castle Creations suna sayar da inji da ESC a haɗe, ga mai farawa kuwa hakan ya fi sauƙi.

Kafin ka biya, auna sandar injin. Wasu milimita 3.175 ne, wasu 5, kuma ƙaramin giyar da ke kan tsohon injinka ba zai shiga ta 5 ba. In fulogin batirinka farin nan ne na Tamiya, cire shi ka sa XT60 ko Deans, domin yana narkewa idan wuta ta yi yawa. Duk mai gyaran rediyo da ya iya riƙe dalma zai yi maka. Sannan ka sani giyoyin roba na cikin motar an yi su ne don ƙarfin injin buroshi. Su ne farkon abin da zai ci, don haka ka ware kuɗin na ƙarfe.

*Daga Mamobi: "Motata tana karkarwa in za ta tashi, sai ta ɗan yi gudu sannan ta daidaita. Injin ya lalace ne?"*

Malam, da wuya. Halin inji marar sensa ke nan. ESC yana gane inda maganaɗisun injin yake ne ta wutar da ke dawowa idan yana juyawa, a tsaye kuwa lalube yake yi. Mai sensa yana da ƙarin siririyar waya mai layi shida da ke gaya wa ESC matsayinsa tun kafin ya motsa, shi ya sa masu tsere da masu motocin hawan dutse suka fi son shi. Masu sensa ne za ka ga an rubuta musu 13.5T ko 17.5T, wato yawan naɗin wayar ciki, kuma ƙaramar lamba ita ce mai gudu. Ga mai wasa a filin ƙwallo, marar sensa ya wadatar, ya fi araha, ya fi jure ruwa. In karkarwar ta yi yawa, duba dalmar wayoyi ukun nan, sannan ka rage haƙoran ƙaramin giya.

*Daga unguwar Madina a Akara: "Bayan minti biyar motar sai ta tsaya, injin ba ya taɓuwa. A rairayi nake tuƙi."*

Rairayi da ciyawa suna riƙe taya, inji yana ta jan wuta, ga ranar Akara. Sayi ƙaramin ma'aunin zafi irin wanda ake nunawa daga nesa. Yi tuƙi minti uku, ka auna. Inji kada ya wuce digiri 70 zuwa 75 a ma'aunin Celsius. In ya zarce sosai, maganaɗisun ciki yana rasa ƙarfi, ba ya kuma dawowa. Daga nan injin zai ƙara jan wuta, ya ƙara zafi. In babu ma'auni, ɗora yatsa: ka kasa ƙirga uku, ya yi yawa.

Maganin yana wurin giya. Rage haƙora biyu a ƙaramin giya, in 19 ne koma 17, ka sake aunawa. Gudu zai ɗan ragu, zafi zai sauka. Duba kuma yadda giyoyin biyu suka ciji juna: sa 'yar takarda tsakaninsu, ka matsa, ka ɗaure kusoshi, ka zare takardar. Dole a sami ɗan wasa kaɗan. Haƙoransu kuma su zama iri ɗaya a lambar girma, 48P da 48P, 32P da 32P. Fanka a kan inji tana taimakawa, amma ba ta gyara giyar da ta yi girma.

Tsayawar tana iya zama daga batir ma. ESC yana yanke wuta idan kowane ɗaki na batirin ya sauko wajen bolt 3.2, don ya kare shi. Tsohon batir ko mai ƙaramar lambar C, wato ma'aunin yawan wutar da yake iya bayarwa, yana faɗuwa nan da zarar ka danna wuta, ko da cike yake. Kada ka kashe wannan kariyar. Batirin da ya kumbura kuma a daina caja shi, yana iya kamawa da wuta. In za a ajiye shi kwanaki, a bar kowane ɗaki a 3.8.

Lokacin hunturu ƙura ita ce babbar matsala: tana shiga boris na inji da fankar ESC. Kaɗe su da buroshin fenti bayan kowane wasa, ka ɗiga wa boris mai marar kauri. Ka yi wasa a bakin teku kuwa, goge komai ranar, gishiri ba ya jira.

*Wata Hajiya daga Sabon Zango: "An sa wa ɗana sabon inji, yana danna gaba tana yin baya."*

Hajiya, ba a cuce ku ba. In marar sensa ne, a sauya wurin kowace biyu cikin wayoyi ukun. In mai sensa ne kada a taɓa su, A na A ne, B na B, C na C. A cikin saitin ESC ake juya shi, in yana da wannan zaɓin. Bayan haka a daidaita ESC da rimot kamar yadda takardarsa ta nuna, tayoyi a sama. Tunda yaro ne, a bar shi a 2S, a rage ƙarfin wutar zuwa rabi in rimot ɗin yana da maɓallin hakan.