Ga mai sabuwar kwamfutar da fankokinta ke juyawa amma sikirin baƙi

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka haɗa kwamfuta da hannunka a Marwa: furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600, kat-mer (babban allon da komai ke hawa kansa) B450, RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) biyu na DDR4 masu giga takwas-takwas, katin hoto na hannu, da alimantasiyo (akwatin da ke rarraba wuta) mai watt 550. In ka danna maɓalli fankoki su juya, fitilu su kama, amma sikirin baƙi ƙirin, ko tambarin kamfani ba ya fitowa. Kana tambaya ko wani abu ne ya ƙone, ko ka mayar wa mai shago kayansa.

Kar ka mayar tukuna. Sabon haɗi da ya ƙi tashi ba kasafai ake samun abin da ya ƙone a cikinsa ba. Yawanci wani abu ne bai zauna daidai ba, ko kuma kaya biyu ba su san juna ba. Sharaɗin aikin ɗaya ne: canza abu guda, ka gwada, sannan ka taɓa na gaba. In ka jagwalgwala biyar a lokaci ɗaya, ko ta tashi ba ka san me ya gyaru ba. Kafin kowane taɓi, kashe makunnin bayan alimantasiyo, zare wayar bango, danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu wutar da ta rage ta fita. Ka riƙa dafa ƙarfen akwatin kafin ka ɗauki RAM ko furosesa, musamman da hunturu, lokacin da iska ta bushe har mutum kan ji tartsatsi in ya taɓa ƙofar mota.

Fara da wayar sikirin. Ina ka soka HDMI ɗin? Ryzen 5 5600 ba shi da sashen hoto a cikinsa. 5600G ne ke da shi. Ramin HDMI da ke jikin kat-mer, kusa da ramukan USB, ba zai ba ka komai ba da wannan furosesan. Dole wayar ta shiga katin hoto, can ƙasa. Masu Intel su ma su lura, duk furosesan da lambarsa ta ƙare da F haka yake. Duba kuma ko sikirin ɗin yana kan mashigar da ka soka, don wani yana tsaye a VGA kai kana HDMI.

In wannan daidai ne, babban abin da nake zargi shi ne BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin kat-mer wadda ke gane kayan ta tada na'urar. B450 ya fito a 2018, jerin Ryzen 5000 kuwa sai a ƙarshen 2020, shi 5600 ɗin ma a 2022. Kat-mer ɗin da ya daɗe a sito yana ɗauke da tsohon BIOS wanda bai taɓa jin labarin wannan furosesa ba, kuma alamarsa ita ce wadda ka faɗa ɗin nan: wuta na shiga, fanka na juyawa, hoto babu. Duba kwalin, in akwai ɗan tambari da ke cewa a shirye yake da Ryzen 5000, to da sauƙi. In babu, leƙa bayan kat-mer ko akwai ƙaramin maɓallin sabunta BIOS ba tare da furosesa ba. MSI suna kiransa Flash BIOS Button, ASUS kuma USB BIOS Flashback. Za ka sauko da fayil ɗin daga shafin kamfanin, na ainihin lambar kat-mer ɗinka, ba mai kama da ita ba. Ka sa shi a filashi da aka yi wa fomat FAT32, ka sauya masa suna yadda littafin ya ce (a MSI sunan MSI.ROM ne), ka soka a ramin USB ɗin da aka ware wa aikin. Wayoyin wuta biyu, mai fil 24 da ta furosesa, su kasance a jone. Danna maɓallin, fitila za ta yi ta ƙiftawa na 'yan mintuna. Kar ka taɓa komai sai ta mutu da kanta. Ka san halin wutarmu, don haka kar ka fara wannan aikin sai a kan ondila (na'urar batir da ke riƙe wuta in an ɗauke) mai cikakken caji ko wutar sola da ka amince da ita. In wuta ta ɗauke a tsakiya, kat-mer na iya sumewa gaba ɗaya.

Idan naka ba shi da maɓallin, sai an ari tsohon furosesa irin Ryzen 5 2600 ko Ryzen 3 2200G, a tada na'urar da shi, a sabunta BIOS, a mayar da naka. Nemi mai gyara da ke da irinsu. Wajen cire fankar furosesa ka ɗan murza ta hagu da dama kafin ka ɗaga, don a AM4, irin gurbin furosesan nan, man da ke tsakani kan manne, ya fizgo furosesa daga gurbinsa, fil su lanƙwashe.

Sai RAM, wadda ta fi kowa jawo irin wannan ciwon kai. Mutane suna tsoron dannawa, sai gefe ɗaya ya shiga, ɗayan ya tsaya rabi, ido kuma ba ya ganewa. Cire duka biyun. Sa guda ɗaya a rami na biyu daga furosesa, wanda aka rubuta wa A2, ka danna gefe-gefe da manyan yatsu har ka ji ƙas, 'yan kunnuwan su rufe da kansu. Gwada. Ba ta tashi ba, sa ɗayar a wannan ramin. In za ka sa biyun, a yawancin masu rami huɗu A2 da B2 ne, ba na kusa da juna ba. RAM ta hannu kuwa, goge bakinta mai ruwan zinariya da robar goge fensir, ka kakkaɓe.

Wayoyin wuta uku ne za ka bi da yatsa. Babbar mai fil 24 tana da tauri, sai ƙugiyarta ta kama. Ta furosesa tana can saman kat-mer ta hagu, kuma ita aka fi mantawa. Kanta yana rabuwa huɗu da huɗu. Ta katin hoto tana rabuwa shida da biyu. Sun yi kama amma tsarin wutarsu daban, kar ka tilasta ɗaya a gurbin ɗaya. In alimantasiyonka irin wanda ake cire wa wayoyi ne, kar ka kuskura ka sa wayar wani kamfani a jikinsa, nan ne ake ƙona kaya da gaske.

Wasu kat-mer suna da ƙananan fitilu huɗu a gefen dama: CPU, DRAM, VGA, BOOT. Wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda aka maƙale. CPU, ka koma kan BIOS, wayar fil takwas, ko lanƙwasasshen fil. DRAM, RAM ce. VGA, cire katin ka sake zaunar da shi a ramin sama. BOOT kuwa albishir ne, na'urar ta tashi, Windows kawai take nema. Ka kuma share CMOS, wato saitunan da BIOS ya ajiye: zare wuta, cire batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ka jira kamar minti biyar, ka mayar.

Duk wannan bai yi ba? Fito da kat-mer daga akwati, ɗora shi a kan kwalinsa. Furosesa da fankarsa, RAM ɗaya, katin hoto, alimantasiyo, shi ke nan. Ba diski, ba wayoyin gaba. Taɓa fil biyun maɓallin kunnawa da ke kan kat-mer, waɗanda aka rubuta wa PWR_SW, da bakin sukundireba na daƙiƙa ɗaya. In ta tashi a waje, to akwatin ne: akwai ɗan ƙafar ƙarfe da aka ɗaura inda kat-mer ba shi da huda, yana taɓa bayansa, ko wani noti ya faɗa ƙarƙashi.

Alimantasiyon ma kar ka yarda da lambar da ke jikinsa kawai. Marasa suna da ke cika kasuwa, waɗanda in ka ɗaga ba su da nauyi, sukan juya fanka amma su kasa ɗaukar katin hoto. Auna da mita kwamfutar tana kunne: rawayar waya 12V ce, kada ta sauka ƙasa da 11.4 ko ta wuce 12.6, ja 5V, ruwan lemo 3.3V, baƙa ita ce ƙasa. In akwai jan makunni mai 115 da 230 a baya, ya tsaya a 230, don wutar Kamaru da Chadi 220 ce. Kuma kar ka buɗe cikinsa, yana riƙe wuta ko an zare shi. Mafi sauƙi, ari wani mai kyau ka gwada. Haka shi ma katin hoton, a sa shi a wata kwamfutar a gani, tunda na hannu ne.

Turo mana cikakkiyar lambar kat-mer ɗin, da hoton bayansa, da fitilar da ta tsaya a kunne in yana da su, sai a faɗa maka fayil ɗin BIOS da ya dace da shi. Allah ya sa a dace.