Sun ce sai an cire mahaifa da mafitsara gaba ɗaya, mu yarda?

Tambaya: Likita, Innarmu ke da sankarar bakin mahaifa, an yi mata gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, a asibitin Shika da ke Zariya bara, ga shi ya dawo. Sun ce sai babban aiki, a cire mahaifa da mafitsara, ƙila har ƙarshen hanji. Kawunanmu a Daura sun ce kar mu kuskura, wai daji in ya ji ƙarfe haukacewa yake. Wallahi barci ya gagare ni.

Amsa: Allah ya ba Inna lafiya, ɗiyata. Aikin nan ba sabo ba ne, tun 1948 wani likita a Amurka, Alexander Brunschwig, ya fara bayyana shi. Kuma ba kowa ake yi wa tayinshi ba, sai wadda hoto ya nuna ciwon na tsakiyar mara, bai kama bangon ƙugu ba, bai kai hanta ko huhu ba. Wurin da aka gasa ba kasafai yake ɗaukar wani gashin ba, shi ya sa aikin ne ragowar hanyar warkewa. Yana da nauyi, ba zan ɓoye miki ba, awanni ake yi a tiyata, za a sha jinya, kuma fitsari, wataƙila har bayan gida, za su riƙa fita ta jaka a gefen ciki har abada.

Amma maganar ƙarfen nan ita ke ƙona min rai, kullum sai na ji ta a asibiti. Ƙarfe ba ya haukata daji! Abin da ke faruwa, a ɓoye mace wata takwas ana ɗura mata saiwa da turare, mai lasifika a kasuwa ya cinye kuɗin akuya da na gona, sai ta fara wari da zubar jini sannan a ɗauko ta, a buɗe a tarar ya riga ya gama gari, ta rasu bayan sati uku, sai a zauna wurin gaisuwa ana cewa wuƙa ce. Mai maganin kuwa ba wanda zai je ya tambaye shi, yana can ya kama wata. Nawa na gani da suka zo ana iya aiki, dangi suka hana, suka dawo bayan salla mun rasa abin yi musu sai maganin ciwo.

Ki ɗauko kawun da ya fi tauri ku shiga wurin likitan tare, ita ma Inna a faɗa mata komai, jikinta ne. Ku tambayi inda za ku riƙa samun jakunkunan, ku fara haɗa masu ba da jini tun yanzu. Batun salla da jaka kuwa malamai na da hukuncin mai yoyon fitsari, ku tambaye su kafin ranar aiki don hankalinta ya kwanta.