An kawo mana littattafan da ba mu yi oda ba, dole ne mu biya?

Tambaya: Ni ce mai kula da ɗakin karatu a wata sakandare mai zaman kanta. Mun dawo daga hutu na tarar da kwali huɗu na littattafai, wani dillali ya ajiye, maigadi ya sa masa hannu. Babu wanda ya yi oda. Yanzu ya aiko da takardar kuɗi, kullum sai ya kira.

Amsa: Malama, kafin komai ki nisanta hatiminki da kwalayen nan. Ranar da kika buga wa littafi hatimin makaranta, kika ba shi lamba a rajista, kika jera shi a kanta yara suka fara ara, to kin saya, ko da baki bai furta ba. Na ga inda ɗoki ya sa aka yage leda aka bubbuga hatimi da safe, kafin azahar takardar kuɗi ta iso, babu kuma halin mayarwa.

Sa hannun maigadi shaida ce kawai cewa kaya sun iso. Ciniki kuwa sai da yardar juna, kamar yadda aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta shimfiɗa. Dokar kwangila da Najeriya ta gada daga Ingila ma haka take kallon abin: wata shari'a ta 1862 ta tabbatar cewa mai tayi ba zai mai da shirun mutum amincewa ba. Amurka ta wuce nan, tun 1970 dokarsu ta ce kayan da aka aiko ta gidan waya ba tare da oda ba, mai karɓa na iya riƙewa a matsayin kyauta. Shi ya sa dillalan can ke fara buga waya su samu wani ya ce "to, a kawo mu gani". Wannan dokar tasu ce. Ke ki ɗauki kwalayen a matsayin amana.

Ki fara tambayar shugaban makaranta da ma'aji, don sau da yawa akwai wanda ya amsa da baki a waya ya manta. In babu, ki ƙirga littattafan gaban shaida, ki ɗauki hoto, ki mayar ki ɗaure, a ɗora su kan tebur inda ruwa da gara ba za su kai ba. Sannan a rubuta wa dillalin wasiƙa da sunan makaranta: ba mu yi oda ba, ka zo ka kwashe nan da mako biyu, kuɗin mota naka ne. Ki riƙe kwafi.

Abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. In kika saba karɓar irin wannan, dillali ya zama shi ke zaɓa wa ɗalibanki abin karantawa, kuma abin da ya kwantai a shagonsa zai kawo, wani lokaci har da bugun jabu mai dusasshen rubutu da bango mai saurin ɓallewa. In wani littafi ya burge ki, ki gwada shi da manhajar karatu ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu a Najeriya, ki nuna wa malamin darasin, sannan ku yi odarsa daban a rubuce, da farashin da kuka daidaita.

Maigadi kuma a gaya masa cikin mutunci: duk kwalin da ya zo, ya kira ki tun motar ba ta tashi ba.