Amsoshin tambayoyinku: wa za a kira idan gida ya buƙaci gyara a Legas?

Tambaya daga wata uwargida a Agege: Ba mu daɗe da dawowa Legas daga Zariya ba. Bangon banɗakinmu ya jiƙe, fenti sai ɓarewa yake yi. Ina ganin lambobin masu gyaran famfo an rubuta da fenti a jikin katanga da turakun wuta. In kira ɗaya daga ciki? Maigida ya ce a dakata sai an samo Bahaushe.

Amsa: Hajiya, lambar jikin katanga ita ce ta ƙarshe da za ki kira. Ba wai duk masu rubuta ta mayaudara ne ba, a'a, sai dai idan aiki ya ɓaci ba ki da wanda za ki riƙe. Fara da maƙwabtanki. Kada ki tsaya a "wa kuke kira?", ki ƙara da "da gyaran ya sake lalacewa, ya dawo kuwa?" Nan ne ake gane mutum. Kowane fulamba yana da fara'a ranar karɓar aiki. Wanda ke ɗaga waya bayan an biya shi, shi ake nema. Mai shagon bututu da kawunan famfo na layinku ma ya san su ciki da waje, ya san mai sayen kaya na gari da mai cewa a ba shi na araha a rubuta masa kuɗin mai tsada. Maigida kuma ya tambaya a masallaci bayan isha'i, ba za a rasa wanda aka taɓa yi wa irin wannan aiki ba.

Batun Bahaushe kuwa, ki gaya wa Alhaji da ladabi cewa bututu bai san yare ba. Na fahimci dalilinsa, yana son wanda za ku fahimci juna, ya kuma natsu da shigarsa gida. Amma gyaran gida a Legas yawancinsa a hannun Yarbawa yake, kayan aikin kuma a shagunan Inyamurai, sannan a aikin tayil da silin mutanen Togo da Kwatano sun yi suna. Idan aka samu namu gwani, madalla. Idan ba a samu ba, ruwan nan ba zai daina cin bango don ana jira ba. Maganar natsuwa tana da sauƙi: a sa aikin ranar da maigida ko wani babba namiji yake nan.

In ya zo, ki lura da abin da zai fara yi. Wanda ya san aiki ba ya fara da guduma. Zai sa a rufe duk famfunan gida, a cika tanki, ya yi alama a inda ruwa ya tsaya, a duba bayan sa'o'i. Idan ruwa ya ragu, akwai yoyo a layin. Zai shafa bangon ya ga inda danshi ya fi yawa, ya leƙa bayan ɗakin, ya tambaya ko akwai banɗaki a sama. Wani lokaci ba bututu ba ne ma, ruwan wanka ne ke bi ta tsakanin tayil, ko danshin ƙasa ne ke hawa bango, abin da ya zama ruwan dare a unguwanni masu fadama. Wanda ya shigo, ko minti biyar bai yi ba ya ce sai an fasa bango gaba ɗaya, ki ba shi kuɗin mota ki sallame shi.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Mile 12: Zan sake wayarin gidana. Mai aikin wuta ya yanka min kuɗi dunƙule, kaya da aiki a haɗe, ya ce in ba shi fiye da rabi kafin ya fara. Ya dace?

Amsa: Bai dace ba, Alhaji, kuma kai da kake auna tumatir da albasa kwando-kwando ka fi ni sanin illar ciniki a rufe. Ka ce ya rubuta kaya daban, kuɗin hannunsa daban: naɗin waya nawa, mai kauri nawa, soket nawa, makunni nawa. Ka ɗauki takardar ka taya a shaguna biyu ko uku, ko ka tura yaro Alaba, kasuwar kayan lantarki. Idan ka ga ɗan bambanci kada ka tayar da jijiyar wuya, ɗan abin da mai shago ke ba masu aikin wuta sananne ne. Abin tsoro shi ne a karɓi kuɗin waya ta gari a binne maka ta banza a bango, inda ba za ka sake ganinta ba sai ranar da ta yi ƙauri.

Ga abin da za ka riƙe. Bisa al'ada ana sa waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 a layin fitilu, 2.5 a layin soket, na'urar sanyaya ɗaki da ta dafa ruwa kuma a ja musu layinsu daban da 4 ko sama da haka. Mai son cin riba yakan sa ta fitila a soket, ka jona dutsen guga waya ta ɗau zafi. Akwai kuma wayar da cikinta alminiyom ne aka shafe da jan ƙarfe. Ka fere bakinta ka kankare da wuƙa: ta gaskiya ja ce har ciki, ta jabu fari zai bayyana, ga ta kuma ba nauyi a hannu. Wayoyin da ake yi a Najeriya irin su Coleman da Cutix da Nigerchin suna da suna mai kyau, shi ya sa ake kwaikwayonsu, don haka ka saya a wurin dila ka karɓi rasit. Araha ba ta ado, balle a abin da ke iya tayar da gobara.

Kuɗin hannu ka raba shi: kaɗan na kafin alƙalami, wani idan an ja waya, ragowar sai an kawo wuta an gwada kowane soket a gabanka, har da makunnin canji zuwa janareta. Ka biya ta banki, abin da kuka yi jinga kuma ya rubuto maka a WhatsApp. Idan ya yi maka tayin zagaye mita don ka rage sayen kati, ka ƙi. Ranar da ma'aikatan kamfanin wuta na Ikeja Electric suka gano, kai za a ci tara, shi yana can yana wani aiki.

Tambaya daga wani ɗan haya a Idi-Araba: Kwanon ɗakina yana yoyo, mai gidan yana ta yi min gobe-gobe. In gyara in cire a kuɗin haya?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka taɓa kwanon sai ya yarda a rubuce, da adadin kuɗin da kuma yadda za a cire. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ba ɗan haya damar neman diyyar abin da ya inganta a gida, amma da sharaɗin mai gida ya amince a rubuce tun kafin a yi. "Je ka gyara, ma yi magana" ba ta tsayawa ranar rigima. Ka ɗauki hoton yoyon, ka ajiye rasit. Ka kuma hanzarta kafin Afrilu, domin da zarar ruwan Yuni da Yuli ya kankama kafintoci sun yi tsada, ba kuma mai son hawa jiƙaƙƙen kwano.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Ikorodu: Mai tayil ya karɓi kuɗi, ya yi rabin falo, ya daina ɗaga waya.

Amsa: Allah ya mayar da alheri, 'yar'uwa. Koma wurin wanda ya haɗa ku, shi ne igiyar farko. Idan bai yi ba, ki bincika reshen ƙungiyar masu sana'arsa a yankin. Masu aikin hannu a Legas suna jin maganar shugaban ƙungiyarsu fiye da yadda suke jin ta wanda ya ba su aiki. Bayan nan akwai cibiyar sasanta jama'a ta gwamnatin jiha, wadda ke zama tsakani kyauta, da kotun ƙananan basussuka da aka buɗe a 2018, wadda ba dole sai da lauya ba. Duk inda za ki, shaidar tura kuɗi da saƙonninku za a fara tambaya. Kafin wani ya ɗora a kan aikin, ki ɗauki hoton inda ya tsaya, ki ƙirga kwalayen tayil da buhunan siminti da suka rage.